Zaren Tela a Rijiyar Mai

Mai-guduma ake ce mata a wurin aiki, tun daga mai gadin ƙofa har Dakta, shugaban ɗakin gwaji. Sunan ya biyo ta ne daga injin da aka damƙa mata ranar da ta kama aiki, tana da shekara ashirin da uku. Wata guduma ce mai nauyi, rataye a jikin sandar ƙarfe, tana lilo. Sai ta ɗauki guntun roba wanda bai fi tsawon yatsa ba, ta yi masa 'yar tsaga a gefe, ta maƙale shi a ƙasa, sannan ta ɗaga gudumar ta sake ta. Gudumar ta sauko ta karya robar ta wuce, allura ta tsaya a kan lamba, ita kuma ta rubuta. In lambar ta yi sama, robar tana da juriya. In ta yi ƙasa, sai a koma a sake haɗin robar. A rana takan karya sittin, wani lokaci tamanin.

Kamfanin nasu kayan rijiyar mai yake yi, amma rijiyar da ta fi kusa da su tafiyar kwana biyu ce, kuma yawancin ma'aikatan a hoton kalanda kawai suka taɓa ganinta. Ɗakin gwajin yana hawa na biyu. Tagarsa ɗaya, tana kallon wurin ajiye motoci. Akwai tanderu uku a jere, da injin haɗi mai ƙugi, da wani sikeli a cikin akwatin gilashi wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Warin roba mai zafi kuwa ya kama bango, ya kama kujeru, ya kama tufafin duk wanda ya yi wata guda a ciki.

Kafin ta shekara biyar, kunnenta ya riga allura. In guntu ya yi ƙwas, ta san gautsi gare shi tun ba ta duba ba. In ƙarar ta fito a dushe, kamar an bugi katifa, sai ta gyara tsayuwa ta duba da kyau.

Farar rigar aiki ce ta haɗa ta da mijinta. Wadda aka ba ta ta maza ce, hannun yana rufe mata yatsu, sai ta kai wa wani tela a ƙarshen layinsu ya rage. Ya ɗaga rigar ya duba, ya dube ta.

"Likita ce ke?"

"A'a. Karya kaya nake yi."

"To madalla," in ji shi, yana zare tef daga wuyansa. "Ni kuma ɗinke su nake yi. Miƙo hannun."

Aikin minti goma ne, amma sai da ta yi zuwa huɗu kafin ta karɓi rigar. Yau ya ce farin zare ya ƙare, gobe ya ce kalmasar ba ta kwanta masa ba. Bayan shekara guda aka yi aurensu. Tun daga ranar farko Injiniya yake kiranta, ko da yake ta sha gaya masa injiniyoyi suna hawa na uku, ita ma'aikaciyar gwaji ce kawai. Ya ce shi bai san na hawa na uku ba, tasa ya sani. Ita kuma Maigida take ce masa, in ya ɓata mata rai ta ce Tela.

Sun haifi biyu, namiji da mace. Da aka tambayi namijin sana'ar iyayensa a makaranta, sai ya ce babansa gyaran kaya yake yi, mamarsa kuma lalatawa. Maganar ta daɗe tana yawo a gidan.

Kullum in ta taso daga aiki da yamma, a shagon take yada zango kafin ta shiga gida. Akwai wani benci a bayan tarin yadi, nan take zama ta cire takalmi. Shi yana taka keke, allurai a baki, ita tana ba shi labarin ranar: wane haɗi ya ba da kunya, wanne ya yi abin kirki, yadda Dakta ya kifar da shayi a kan takardun wata guda. Bai yi karatu mai nisa ba, amma ba shi da mantuwa. Haɗe-haɗen ba su da suna sai lamba, shi kuwa ya riƙe su kamar 'ya'yan maƙwabta. Sai ya cire allura daga baki ya ce, "Ya jikin arba'in da bakwai? An sallamo ta daga tanderun?"

Tana da shekara goma a aiki Dakta ya tara su ya zana musu wata matsala a allo. Rijiyar mai, in ji shi, rami ne mai zurfin kilomita uku ko fi, an zura bututun ƙarfe a ciki, an zuba siminti tsakanin bututun da dutse. In tafiya ta yi tafiya simintin yakan tsage, mai da iskar gas su sami hanya ta bayan bututun, su shiga ruwan da mutane ke sha, ko su ɓullo a inda ba a so. Abin da ake nema shi ne zoben roba da za a sa wa bututun kafin a zura shi. In mai ya taɓa zoben, ya kumbura ya toshe hanyar da kansa, tunda ba mahaluƙin da zai iya sauka ya yi gyara.

Samun robar da ke kumbura bai yi musu wuya ba. Wuyar ita ce, in ta kumbura sai ta yi laushi, matsi ya yaga ta. In suka gauraya ta da roba mai tauri don ta tsaya, sai ta yi gautsi ta fashe. Shekara huɗu suna kai da komo tsakanin laushi da gautsi. Lambar haɗi ta wuce ɗari uku. Biyu daga cikin injiniyoyin suka nemi a mayar da su wani sashe. Dakta ya yi furfura a gemu, ya kuma daina kifar da shayi, don ba ya ma tunawa ya haɗa.

Wata yamma ta zo shagon ta zauna a gajiye. Tela ya leƙe ta ta saman tabarau, ya ci gaba da aikinsa. Wani tsohon labule aka kawo masa ya raba biyu. Ya ɗan ciji bakin labulen da almakashi, ya kama da hannu biyu ya ja. Yadin ya tsage da gudu, har ya kai inda aka taɓa yi masa faci, ya tsaya cak. Ya sake ja, ya ƙi. Ya miƙa hannu zai ɗauki almakashi.

"Dakata," in ji ta. "Me ya tsayar da shi?"

"Ɗinki mana. Zare ne a gicciye. Yagar ta taho ta tarar an tare mata hanya."

"Ƙara ja."

"Injiniya, labulen mutane ne fa."

"Ƙara ja, na ce."

Ya ƙara. Ta matso ta zuba ido a bakin yagar, ta ga 'yan zaruruwa sun miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, sun riƙe gam. Ta ga irin haka a shagon nan ya fi sau dubu. Ta sunkuya ta fara tsintar guntayen zaren da suka zuba a ƙarƙashin keke.

Ranar Asabar bai karɓi ɗinkin kowa ba. Ya zauna da almakashinsa mafi kaifi, wanda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa, yana yanka zare ƙanana-ƙanana, kowanne bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, har ya cika gwangwanin madara. Babban yatsansa ya yi bororo. Ya ce in abin ya yi, a rubuta cewa da jan zare aka fara, don shi ya fi yawa a gwangwanin.

Ba ta gaya wa kowa ba a wurin aiki. In an sauka cin abincin rana, sai ta ɗebi ragowar haɗin da za a zubar ta mayar cikin inji. Karon farko zaren ya dunƙule wuri guda kamar gashi a matsefi. Karo na biyu ma haka. A na uku sai ta busar da zaren a tanderu tukuna, ta bar haɗin ya ɗan huce har ƙugin injin ya sauya murya, sannan ta riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan. Ta matse haɗin, ta yanka shi guntu-guntu, ta jiƙa guntayen a mai kwana bakwai har suka kumbura.

Da ta saki gudumar, ƙarar da ta ji ba ta taɓa jin irinta ba. Guntun ya lanƙwashe, ya buɗe baki, amma bai rabu ba. 'Yan jajayen zaruruwa sun riƙe shi. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, har goma. Sannan ta wanke hannu, ta jera su a faranti, ta ƙwanƙwasa ƙofar Dakta.

Ya daɗe yana jujjuya guntu ɗaya a ƙarƙashin fitila.

"Me kika sa a ciki?"

"Zaren maigidana ne, Yallaɓai."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Sai kuma ya tsaya, ya tashi ya tura ƙofa, ya jawo mata kujera. Shekara goma sha huɗu tana aiki a ƙarƙashinsa, ranar ta fara zama a ofishinsa.

Aikin bai ƙare a nan ba. Zaren tela ba ya jure zafin ƙasan rijiya, ƙonewa yake ya zama gari. Sai da suka ƙara shekara biyu kafin suka dace da wani zaren, irin wanda ake saƙa rigar masu kashe gobara da shi. Da Tela ya ji, ya ce wato an ci moriyar jan zarensa an sallame shi ba ko sannu. Ya yi kwana biyu yana yi wa kwanon zarensa jaje a gabanta.

Da abin ya tabbata, kamfani ya aiko lauya don a nemi takardar mallakar ƙirƙira. Ita ce takardar da hukuma ke bayarwa ta ce wannan dabara ta su wane ce, ba mai kwaikwayonta sai da izini, har shekara ashirin. Mallakar ta kamfani ce, amma dole a rubuta sunayen waɗanda suka ƙirƙiro. Dakta ya ce a sa nata a farko, nasa ya biyo baya.

Ta ce, "Akwai mutum na uku."

Lauyan ya buɗe biro. Ta ba shi labarin labule. Mutum ne mai ladabi, ya saurara har ƙarshe.

"Shi ya ce a sa zare a cikin roba?"

"A'a."

"Ya ba da shawara kan yawan zaren, ko lokacin da za a zuba?"

"Shi dai ya yaga labulen. Shi kuma ya yanka zaren."

Lauyan ya rufe biro, ya ba ta haƙuri, ya ce doka ba ta san da wannan ba.

Ta koma shago abin yana cinta. Tela ko a jikinsa. "Ni me zan yi da suna a takardar masu mai? Gobe a zo a ce in ɗinke rijiya." Ya taka keke kaɗan, ya tsaya. "Amma in ta fito, a nan za a fara buɗe ta. Ba a ofis ba."

Ya tambaye ta girman takardar, ta ce ai kamar kowace takardar ofis ce. Ya auna ɗaya, ya ɗinka jaka da ragowar wani shuɗin yadi mai kauri, ya yi mata shafi, ya sa mata maɓalli guda, ya rataye ta a ƙusa bayan keke. Hukumar kuwa ba ta san gaggawa ba. Su aiko tambaya, lauya ya amsa, a yi wata takwas shiru, su sake aiko wata. Duk ƙarshen wata sai ya ce, "Injiniya, baƙuwar tamu ba ta iso ba?" Ta ce tana hanya.

A shekara ta uku ta wannan jira aka shirya zura zoben farko a rijiya ta gaske. Dakta ya ce da ita za a je. Tela ya fi ta murna. Ya ce ta je ta gano musu, ta duba da kyau, ta riƙe komai, har kalar ƙasar wurin yana so ya ji. Ta haɗa kaya. Amma a kwanakin ta lura yana tsayawa tsakiyar ɗinki, ya dafe ƙirji, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. Matakala uku ce a ƙofar shagon, sai ya huta a ta biyu. Ana jibi tafiya ta kwance kayanta ta mayar cikin sif.

Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce gajiya ce kawai, ya ce ta mayar da shi jariri. Ta ce rijiyar tana nan, ba inda za ta. Kwana biyu suna gaisuwa a taƙaice.

Dakta ya dawo da hoto: baƙin zobe a jikin bututu, maza huɗu da hular kwano sun riƙe, ana shirin zurawa. Tela ya kai hoton bakin ƙofa inda haske ya fi, ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan ba za a sake ganinsa ba?"

"Ba za a sake ba. In ya yi aikinsa, ba ma wanda zai ji labarinsa."

"Ashe shafin riga kuke yi," in ji shi. "Mu ma muna da irin wannan aikin."

Wata tara ya yi yana fama, yau asibiti gobe gida, in ya ji dama-dama ya lallaɓa ya buɗe shago. Wata Talata da hantsi tana tsaye gaban injinta, ta ɗaga gudumar ke nan, sai ga mai gadi ya hau har hawa na biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. Tun bai buɗe baki ba ta gane Tela ya rasu. Ta sauke gudumar a hankali ta ɗaure ta, don ba a barinta a sama, sannan ta bi bayansa.

Bayan wata bakwai takardar ta iso. Dakta bai buɗe ambulan ɗin ba, ya miƙa mata a rufe, ya ce ta tashi da wuri yau. Shagon yana nan a kulle, makullin yana hannunta. Ta buɗe, ta share bencin da gefen mayafi, ta zauna, ta cire takalmi. Shafi goma sha ɗaya ce, da tambarin hukuma, sunanta a sama. Ta bi layi-layi tana neman inda aka ambaci zare, ta tarar an kira shi da wani dogon suna. Ta miƙe ta sauko da shuɗiyar jakar daga ƙusa.

Takardar ta fi jakar faɗi da kamar rabin yatsa. Ta gwada a tsaye, ta gwada a kwance, ba ta shiga ba.

Ranar rasuwar ba ta yi kuka sosai ba, har mutane suna yaba haƙurinta. A nan ta yi shi. Da yana nan gyaran minti biyar ne, ya farke gefe ɗaya ya sa ƙari, yana yi yana yi mata tsiya, wai injiniya guda ba ta iya awo ba. 'Yarta, Auta, ta dawo daga makaranta ta ga shagon a buɗe, ta shigo ta same ta a haka. Da ta fahimci abin da ya faru, ta ce, "Mama, a kai wa wani telan ya buɗa ta mana." Uwar ta girgiza kai. Ta kai su gida ta sa a aljihun tebur, takarda a ƙasa, jaka a sama.

Daga baya shagon ya koma hannun masu gyaran waya. Ta shekara guda tana wuce tashar da ta saba sauka, ta sauka a ta gaba, ta shigo layin ta ɗaya bakin. Amma ba shagon ne ya fi yi mata wuya ba. Yini guda a wurin aiki takan riƙa tara abubuwa a ranta ba da saninta ba. Sabon injiniya ya sa safar hannu a tanderu ya manta, sai ta ce wannan sai na gaya masa. Haɗi ya ba da lambar da ba a zata ba, wannan ma sai ya ji. Sai ta sauko matakala da yamma da kayan labarinta cike, sannan ta tuna. Ta gwada ba yaran. Suna saurara da ladabi, ido a kan littafi, amma washegari ba wanda zai tambayi jikin wata lamba.

Sau biyu Dakta ya sake yi mata tayin zuwa rijiya. A na biyun ta ce, "Yallaɓai, in na je na gani, wa zan ba labari?" Bai sake tayar da maganar ba.

Zobban suka shiga rijiyoyi ɗaruruwa, wasu a ƙasashen da sai ta duba taswira take sanin inda suke. An ƙara fitar da takardu biyu da sunanta, na gyare-gyaren da suka yi daga baya. Waɗannan a ofis ta buɗe su, a tsaye. Da ta cika shekara talatin da uku a aiki ta yi ritaya. Aka yi 'yar walima a ɗakin gwaji, aka ba ta agogon bango.

Ɗan nata aiki ya kai shi wani gari, sai ta koma gidan Auta da mijinta. Zaman bai karɓe ta da wuri ba. Hannunta ya ƙi yarda an sallame shi. In ta ɗauki murfin bokiti sai ta lanƙwasa shi kusa da kunne. Cokalin roba, matsefi, maratayin kaya, duk sai ta ji muryarsu. Jikokinta suka koyi ɓoye kayan wasansu in sun ji takunta, suna raɗa wa juna cewa Kaka ta fito. Surukinta ya sayo sabuwar kujerar roba, ta ƙwanƙwasa ƙafarta da yatsa ta ce ba za ta kai damina ba. Ba ta kai ba, kuma da baƙo a kanta ta karye. Tun daga nan ba ya sayen komai sai ya ce a tambayi Mama.

Wata rana Dakta ya kira ta a waya. Shi ma ya daɗe da ajiye aiki, muryarsa ta tsufa.

"Mai-guduma, kin san yau wace rana ce? Yau takardarmu ta farko ta cika shekara ashirin. Daga yau kowa yana iya yin zobenmu, ba sai ya nemi izini ba."

"To, Yallaɓai. Sai a yi me ke nan?"

"Ba a yin komai. Na dai ce kada ranar ta wuce ba wanda ya ambata."

Sannan suka tambayi lafiyar iyali. Auta da ta ji, ta ce ai wannan kwace ne da rana tsaka. Uwar ta ce ba kwace ba ne, haka aka yi alkawari tun farko, kuma rijiyar da ba ta sayen kayan kamfaninsu ita ma yoyo take yi. Ta faɗi haka da gaske. Duk da haka ranar ba ta iya cin abincin rana ba.

Bayan shekara guda, wata safiya aka sake kiranta. Muryar mace ce, ta gaishe ta da girmamawa, ta ce ita ce shugabar ɗakin gwaji yanzu. Tsohon injin haɗi ya mutu, sun kafa sabo, kuma tun daga ranar zaren dunƙulewa yake yi. Sun karanta takardar har sun kusa haddace ta.

"Mama, takardar ta ce a zuba zare in zafi ya sauko tsakanin kaza da kaza. Tsakanin nan kuwa da faɗi. An ce ke da kunne kike ganewa. Za ki iya ba mu kwana uku?"

Ta ce bari ta duba, kamar mai wani uzuri. Kafin azahar ta goge kayan kwana ukun duka.

Ɗakin ya sauya. An yi fenti, an sa na'urar da ke zuƙe wari, gudumar ma an kulle ta a cikin akwatin gilashi, maɓalli ake danna mata, lamba ta fito a kwamfuta. Ba ta san kowa ba. Aka rataya mata katin baƙi a wuya, aka ba ta kujera, ta ture ta gefe.

Ranar farko ba ta taɓa komai ba. Ta sa aka yi ta kunna injin ana haɗi, ita tana tsaye kusa da shi, ido a rufe, don muryar wannan ba irin ta tsohon ba ce. Rana ta biyu ta ɗebi zaren ta murza a tafin hannu, ta ce da sauran danshi, a mayar tanderu. Aka ce na'ura ta nuna ya bushe. Ta ce a mayar dai. Da aka kunna injin ta tsaya tana saurare, minti shida, minti bakwai, ma'aikatan suna kallon juna. Sai ƙugin ya yi ƙasa kaɗan, ya yi kauri.

"Yanzu," in ji ta.

Shugabar ta rubuta zafin da kwamfuta ta nuna a daidai lokacin. Suka maimaita sau tara, duk sanda ta ce yanzu a rubuta. Lambobin suka fito kusa da juna, har shugabar ta riƙe baki. Rana ta uku suka yi haɗin ba tare da ita ba, da lambar kawai, tana zaune tana kallo. Aka yanka aka duba, zaren ya bazu lafiya lau. Ta yi musu murna, ta kuma gane cewa sun gama da ita.

Suna shan shayi kafin ta tafi, shugabar ta ce, "Mama, wai ta yaya ma tunanin zare ya zo miki?"

An yi shekaru ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Ta fara a taƙaice, sai labarin ya ƙi taƙaituwa. Shayin ya huce, ma'aikata biyu suka jawo kujeru suka zauna, direban da zai mayar da ita ya leƙo sau biyu ya koma. Sun yi dariya a inda ya kamata, sun yi shiru a inda ya kamata. Da ta gama, shugabar ta raka ta har ƙasa, ta riƙe mata jaka. Ta ce akwai wani inji babba da suke jira, in ya iso shi ma sai an koyi muryarsa, za su neme ta.

Ta mayar da katin baƙi a ƙofa, ta shiga mota.

A satin ta sa Auta ta kai ta aka sake mata tabarau, aka kuma duba mata kunne, likita ya ce na hagun ya ɗan yi rauni amma na daman garau yake. Wayarta da a da takan kwana biyu a mace a ƙarƙashin matashi, yanzu kullum a cike take, kuma ta sa jikarta ta ƙara mata ƙarar kira har ƙarshe. In za ta shiga wanka sai ta ajiye ta a bakin taga. Auta tana yi mata tsiya, wai Mama ta yi saurayi. Wata biyar ke nan ba su kira ba. Uwar ta ce manyan injuna sukan daɗe a hanya, kuma ko sun iso sai an kafa su tukuna.